Agogon Yashi a Jakata

Litinin, 1 ga Yuli

Ya dawo. An tura shugaban sashenmu kwas, ya dawo mana da jakar leda cike da takardu masu launi da wata sabuwar murya. Daga yau sunansa a littafin nan Ɗan Kwas.

Ya tara mu, duk ma'aikatan sashen littattafan yara, ya ce kamfanin ɗab'i irin namu ba zai rayu ba sai da abu biyu: bambance-bambancen ma'aikata da ƙirƙira. Ya faɗe su kamar jiya da yamma ya haƙo su daga ƙasa. Ni da nake tace littattafai a gidan nan tun yana koyon ɗaura igiyar takalmi.

"Mamanmu, me kika gani?" Haka yake kirana. Mamanmu. Ban haife shi ba, kuma da ni na haife shi da ya iya rubuta sanarwa ba tare da kuskure a layin farko ba.

Na ce, "Yallaɓai, na ga aiki yana jirana a tebur."

Laraba, 3 ga Yuli

Ɗakin taronmu ya zama Zauren Ƙirƙira. An kwashe tebur da kujeru, an zube wasu buhuna masu taushi cike da soso, wai a kansu za mu zauna don tunani ya sake. Gwiwata ta hagu ba ta je kwas ba, ba ta san da wannan ilimi ba. Na nutse cikin buhu kamar an jefa dutse a kwaɓaɓɓen gari, kuma sai da mutum biyu suka ciro ni.

Dokokinsa: waya a kwando a bakin ƙofa. Ƙwallon tanis ɗaya, wanda yake riƙe da ita shi kaɗai ke magana, idon kowa a kansa. Sai wani ɗan agogon yashi, kwalba biyu baki da baki, yashin na zuba daga sama zuwa ƙasa. Minti ɗaya. Yashi ya ƙare, bakinka ya ƙare, ka jefa wa wani.

Mutumin tallace-tallace, wanda nake kira Aku, kamar don shi aka yi abin. A minti ɗaya ya kawo shawarar labarin mutum-mutumi mai tashi sama, da kyanwa mai waya, da wani abu da ban gane ba amma Ɗan Kwas ya tafa masa.

Sai ƙwallo ta faɗa hannun Mai Zane.

Mai Zane yana da in'ina. Ba 'yar kaɗan ba, irin wadda take riƙe mutum a harafi ɗaya har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya fara, ya maƙale, ya sake farawa. Yashi ya ƙare bai kai ƙarshen jimla ba. Ɗan Kwas ya ce, "Madalla, mun gode da ƙoƙari," kamar yaro ne ya yi tatata. Aku ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa.

Kaina ya yi zafi har gida.

Alhamis, 4 ga Yuli

Na ba Maigida labari. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ai ni a ganina..." Na ce na sani, in yi haƙuri, to ba zan yi ba. Ya ɗauki kofinsa.

Litinin, 8 ga Yuli

Yau mai hoto. Za a manna babban allo a bakin shiga, an rubuta "Mu Daban-daban Ne". An zaɓe mu kamar ana tsince tumatir. Ni, don mace ce kuma ga furfura. Mai fassara, don daga wata ƙasa ya zo. Akanta, don yana dogara sanda, kuma aka ce ya matso da sandar gaba ta fito sosai. Da Mai Zane.

Sai Ɗan Kwas ya tsaya yana sosa haɓa, ya gano matsala: in'ina ba ta fita a hoto. Wallahi da kunnena na ji ya ce ko a rubuta wani ɗan bayani a ƙarƙashin hotonsa.

Na ce, "Ni ma a rubuta a ƙarƙashin nawa: mai hawan jini, kuma ga dalili."

Ya yi dariya. Ya ɗauka wasa nake.

Na karanta littattafai da yawa kan yadda masu iko ke son ganin mutane a bango fiye da jin su a ɗaki. Ban zaci zan tsaya a layi ina murmushi cikin ɗaya daga ciki ba.

Talata, 9 ga Yuli

Ga abin da ya hana ni cin abinci da rana. Mai Zane aikin gwaji yake yi, kuma gwajin zai ƙare ƙarshen watan nan. Yau Ɗan Kwas ya sanar cewa sabon littafinmu, na ranar farko a makaranta, a Zauren za a zaɓi labarinsa da waɗanda za su yi shi. Mai gwajin da ba a sa shi a littafi ba, ba shi da dalilin zama. Bai faɗa haka ba, ya lulluɓe shi da kalmomin kwas, amma ni aikina ke nan, cire lulluɓi daga jimla.

Mutumin nan magidanci ne. Mata, da 'yan biyu da suka shiga makaranta bana. Kafin ya zo mana allon shaguna yake zanawa, kawunan aski da kwalaben lemo, a rana, a kan tsani. Yana zana hannun yaro ka ga yaron na jin kunya daga yatsunsa kawai. Shi za a auna da yashi.

Ba a gabana ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Na zo da kujerata daga ofis. Ɗan Kwas ya kalli kujerar, ya kalle ni, ya buɗe taro.

Ƙwallo ta je wa Mai Zane, aka juya yashi. Ya ce, "Y-y-yarinya ce, ran farko, t-ta... ta..." Na ga yashin ya kusa rabi. Na ce, "Ta ji tsoro!" Ya kalle ni. Na ci gaba, tunda na ga hanya: ta ji tsoro, ta riƙe rigar uwarta, sai ta sami ƙawa, sai ta ƙi komawa gida. Na gama masa tsaf kafin ƙwayar yashi ta ƙarshe ta faɗi.

Aku ya karɓi ƙwallo ya ce, "Da girmamawa, Anti, wannan labarin ai kakata ma ta karanta shi." Aka yi dariya. Ɗan Kwas ya rubuta wani abu a takardarsa.

To, ba sabon labari ba ne, na yarda. Amma aƙalla an ji wani abu da sunansa. Mai Zane ya fita bai ce min komai ba. Kunya ce, na san irinsu.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na shiga ofishin Ɗan Kwas ban ƙwanƙwasa ba. Na ce masa abin da yake yi wa bawan Allah nan kowace Laraba ba taro ba ne, tozarci ne. A ɗauke masa magana a bainar jama'a. In yana da shawara ya zana ko ya rubuta. Na yi magana mai tsawo, kuma ta yi kyau, ni kaina na ji daɗin wasu jimlolin.

Abin mamaki, ya saurara. Har idonsa ya yi laushi. Ya ce, "Mamanmu, kin buɗe min ido. Wannan shi ne ainihin abin da aka koya mana, a kula da buƙatar kowa." Nan take ya rubuta cewa an yafe wa Mai Zane halartar Zaure.

Na dawo gida da ƙarfina. Maigida ya ce, "Ai ni a ganina..." Na ce ba sai ka faɗa ba, na san za ka ce na cika shiga abin da ba ruwana, amma ga shi na yi nasara.

Laraba, 17 ga Yuli

Zaure ba Mai Zane. Da muka fito na hango shi ta gilashi, shi kaɗai a sashen zane, yana feƙe fensir da ba ya buƙatar fiƙa.

A taron an fara rarraba aiki. Ɗan Kwas ya ce, ba da mugun nufi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan, "Za mu fi duba waɗanda suke cikin tafiyar." Aku ya ce yana da wani abokinsa mai zane da kwamfuta, mai sauri.

Na ce a rubuta, ba haka muka yi ba. Aka ce min, "Mamanmu, ƙwallo ba ta hannunki."

Alhamis, 18 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya shigo ofishina da hantsi, ya rufe ƙofa, ya ƙi zama. Na zaci godiya ce, har na shirya cewa ba komai.

Ba zan rubuta in'inar ba, ba ni da zuciyar kwaikwayonsa yau. Ya daɗe, wannan kawai. Ya ce, "Anti, wa ya ce miki ina so a cire ni?"

Na ce ai na ga yadda kake shan... Ya ɗaga tafin hannu. A fuskata. Ya ce, "Don Allah, bari in kai."

Ya ce Aku dariya yake masa, kuma dariya ya saba da ita tun yana firamare, ba ta hana shi komai. Ya ce, "Ke kuma ƙwace min kike yi." Ya ce maganarsa a hankali take zuwa amma tana zuwa, in an jira. Ya ce bai bar tsani da rana ba don ya zo a ajiye shi a wani ɗaki ana tura masa tausayi ta ƙarƙashin ƙofa. Wannan jimlar ta ɗauke shi lokaci, kuma sau biyu na san kalmar da yake nema, sau biyu hannun nan ya tashi.

Daga ƙarshe ya ce, "Kuma yarinyar ba tsoro ta ji ba."

Na ce to me ta yi?

Ya ce a Zaure zai faɗa, ba a nan ba. Ya buɗe ƙofa ya fita. Har da cewa a huta lafiya.

Ni. Ni da na tsaya masa lokacin da kowa ke kallon ƙasa. A haɗa ni da Aku, kuma a ce Aku ya fi!

Juma'a, 19 ga Yuli

Butulci dai ba ya in'ina.

Asabar, 20 ga Yuli

Na wanke labulen da ba su yi datti ba. Na ɗauki littafi, shafi ɗaya na maimaita har na ajiye.

Auta ta zo daga makaranta hutun ƙarshen mako. Na ba ta labarin, don ta ga irin mutanen da uwarta ke fama da su. Tana cin tuffa tana jina. Ta ce, "Umma, kin san me ya sa nake turo miki saƙo maimakon in kira?" Na ce saboda ku yaran yanzu ba ku da... Ta nuna ni da tuffar ta ce, "Kin gani?" Ta shige ɗaki tana dariya.

Ba abin dariya a ciki. Tarbiyya ce ta lalace.

Aikina ne in san inda jimla za ta tun kafin ta isa. Don haka ake biyana. Marubuci ya fara, na ga ƙarshen, na gyara masa hanya. Ba wanda ya taɓa ɗaga min hannu. To, a takarda suke, ba su da hannu.

Litinin, 22 ga Yuli

Na ƙwanƙwasa wannan karon.

Na ce wa Ɗan Kwas a mayar da Mai Zane Zaure. Ya ce, "Amma Mamanmu, ke kika ce tozarci ne." Na ce na ce. Ya ce, "Kika ce ko a zamanin jahiliyya..." Na ce na san abin da na ce, Yallaɓai, ina wurin. Ya ce shi kansa Mai Zane ya zo ya same shi da safe kan maganar, ya riga ni. Ya riga ni! Ashe ko wannan ban yi masa ba.

Na ce to a cire agogon. Ya ce a'a, agogon shi ne adalci, kowa minti ɗaya, babba da ƙarami. Na ce in ya sayo wa duk ma'aikata takalmi lamba ɗaya, shi ma adalci ne? Ya ce misali ne mai kyau, zai yi tunani a kai, amma tsari tsari ne. Sai ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, yana wasa da biro, cewa gaskiya ya kawo agogon ne saboda a da mutum ɗaya ke cinye taro, sauran su yi ta kallon silin.

Na ce wa?

Ya ce, "Ba a kama suna a Zaure, Mamanmu."

Yaro ƙarami. Na fita kafin in faɗi abin da za a kai ni gaban kwamiti.

Jibi ne taron ƙarshe kafin a yanke.

Laraba, 24 ga Yuli

Na riga kowa shiga. Agogon yana kan taga. Yanzu yana jakata, tsakanin maganin hawan jini da tabarau. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, kuma ban ji komai ba.

Ɗan Kwas ya ɗaga buhuna ɗaya bayan ɗaya yana nema. Aku ya ce a yi amfani da waya. Na ce waya tana kwando, doka ce. Ɗan Kwas ya ce zai duba agogon hannunsa. Na ce idon kowa a kan mai ƙwallo, ita ma doka ce, kuma ba ni na je kwas ba. Ya kalli jakata. Na ɗora hannu a kanta na kalle shi. Ya jefa ƙwallo.

Da ta zo hannuna na ce ba ni da komai yau. Ɗakin ya yi tsit kamar na ce zan yi murabus. Na miƙa wa Mai Zane, hannu da hannu.

Ya fara. "Yarinya ce, ran farko, ta..." Ya maƙale a daidai wurin nan. Aku ya buɗe baki, na taka masa ƙafa da dugadugin takalmina. Ni kuma na sa biro a baki na cije. Har yanzu ga shatin haƙorana a jiki.

Ta kai babanta makaranta. Abin da yake son cewa ke nan. Yarinyar ko a jikinta, uban ne hankalinsa ya tashi. Shi ya kasa barci, shi ya ƙi karyawa, shi ya riƙe mata jaka ya ƙi saki a bakin ƙofa. Ita ke lallashinsa, ta ce kada ya yi kuka, anjima za ta dawo, ta ba shi rabin biskit ɗinta. Ta shiga, shi kuma ya zagaya ya tsaya a bayan... Nan ya sake maƙalewa. Na san kalmar, taga ce, tana bakina tana tsalle. Na ƙara cije biro. Katanga. A bayan katanga, inda ya tarar da wasu iyaye maza a jere, kowa ya ɗora ido a kan wata huda, kowa na cewa shi wucewa kawai yake yi.

Akanta ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Mai fassara ya ce a ƙasarsu ma haka ubansa ya yi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, ba agogo. An ji jiki, ba zan ɓoye ba, jiran akwai wuya. Amma ba wanda ya mutu.

Ƙarshen labarin bai yi ba. Wai malama ta fito ta raba wa iyayen alewa. Sai da Mai Zane ya jefo min ƙwallo da kansa, sannan na cire biro na ce ƙarshen nan rago ne. Ya ce ba rago ba ne. Na ce rago ne. Ya karɓi ƙwallo ya yi min gardama, doguwa, kuma rabinta yana da gaskiya. Rabi.

Juma'a, 26 ga Yuli

An ba shi littafin. An tabbatar masa da aiki. Ni ce mai tacewa, Allah ya ba shi haƙuri.

Sanarwar Ɗan Kwas ta fito da rana: bayan dogon nazari, shugabancin sashe ya ɓullo da sabon tsari mai suna Sauraro Mai Zurfi, inda aka jingine agogo. Shugabanci ya ɓullo! Kuskure biyu a layin farko. Aku yana bi ofis-ofis yana ɗingishi yana cewa shi tun farko ya ga basira a mutumin.

Mai Zane ya leƙo da yamma ya ajiye min zanen gwaji: iyaye maza a bayan katanga. Can gefe akwai wata mata mai furfura a kan kujera, biro a bakinta. Na ce a cire ta, ba ta cikin labarin. Ya ce zai yi tunani. Bai gode min ba, ban kuma ga abin godiya ba.

Lahadi, 28 ga Yuli

Da safe ina ba Maigida labarin sanarwar, ya ajiye kofi ya ce, "Ai ni a ganina..."

Maƙogwarona yana ɗan ciwo kwanan nan, shi ya sa ban ce komai ba.

Ya tsaya. Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce, "Lafiya kuwa?" Na ce ƙarasa. Ya kalli kofin, ya kalli taga. Ya ce, "Wallahi ban tanadi ƙarshen ba. Na saba daga nan ke kike ɗauka."

Na ce ina jira.

Shayina ya huce kafin ya samo. Ashe ba haƙuri zai ce in yi ba. Wai a ganinsa labarin uban nan a bayan katanga, shi ma ya yi haka ranar da aka kai Auta, har mai gadi ya kore shi. Ban taɓa sani ba. Ya ce ya taɓa fara gaya min.

Agogon yana nan a jaka. Gobe zan mayar. Ko jibi.